Fanisau, Ƙaramin Garin da Ya Jingina da Dutse

A wannan mako mun haɗa wasiƙu biyu wuri guda, domin amsar ɗaya tana cikin ta ɗayar.

Wasiƙa ta farko ta zo ne daga wani manomi a Getso, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo. Ya ce ya ga hoton wani gari na ƙasar Italiya a jikin kalanda, gidaje sun hau kan dutse kamar awaki, ga ganuwa ta zagaye su. Shi ne yake tambaya ko mu ma a ƙasar Hausa muna da irin wannan gari, ko kuwa abin na Turawa ne su kaɗai. Ta biyun kuwa daga wani mai sayar da hatsi ce a Garo, ta ƙaramar hukumar Kabo. Ya ce tun yana yaro yake jin ana cewa "Hawan Fanisau", to wai me aka ajiye a Fanisau ɗin nan, har Sarkin Kano zai bar birni da fadarsa ya tafi can ya wuni?

To, malam na Getso, bari mu fara da kai. Gaskiya ne ƙasar Italiya cike take da ƙananan garuruwa a kan tuddai da duwatsu. Akwai ma wanda ake kira San Marino, wanda yake kan wani dutse mai suna Titano. Shi wannan ba gari kaɗai ba ne, ƙasa ce mai cin gashin kanta, Italiya ta kewaye ta ta kowace kusurwa. Faɗinta murabba'in kilomita 61 ne kacal, mutanenta kuma ba su kai 40,000 ba, wato ƙaramar hukumar Kabo ta ninka ta faɗi sau da yawa. Amma fa ba don shan iska mutanen can suka hau dutse ba. Yaƙe-yaƙe ne suka kore su daga fili, da 'yan fashin teku, da kuma zazzaɓin sauro da ya addabi masu zama a fadama. Tsoro ne ya kai su sama. Mu ma nan abin da ya kai kakanninmu gindin duwatsu ke nan. Bambancin kawai shi ne su da dutse suka yi gini, shi ya sa nasu yake tsaye har yau ana ɗaukar hotonsa. Mu kuwa da ƙasa muka yi, ita ko ƙasa in an bar yi mata yaɓe, damina kaɗan ta ishe ta. Sa'an nan mutanenmu sun fi zama a gindin dutse ko a tsakanin duwatsu, ba can bisa ƙololuwa ba.

Irin waɗannan garuruwa muna da su da dama. Akwai Kwatarkwashi a jihar Zamfara, akwai Turunku a ƙasar Zazzau, akwai Dutse da Kazaure a jihar Jigawa. Kano ita kanta daga gindin Dala ta soma. Amma wanda za mu tsaya a kansa yau shi ne Fanisau, saboda yana kusa da ku, kuna iya zuwa ku dawo a wuni ɗaya, kuma shi ne malam na Garo ya tambaya.

Fanisau, wasu su rubuta Panisau, duk ɗaya ne, ƙaramin gari ne a ƙaramar hukumar Ungogo, arewa maso gabas da birnin Kano, can bayan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. A da, in mutum ya fito daga ƙofar gari sai ya ratsa gonaki kafin ya isa. Yanzu gine-ginen Kano sun miƙa har sun kusa haɗiye shi.

Kafin mu shiga tarihinsa, yana da kyau ku san abin da dutse yake ba mutanen da suka zauna a gindinsa, domin ku manoma za ku fi kowa ganewa. Na farko dai ruwa. In aka yi ruwan sama a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi ya taru a gindi, saboda haka ƙasar da ke kewaye da dutse takan daɗe da laima, rijiya kuma ba ta cika yin zurfi ba. A cikin kwarmin dutsen ma ruwa yakan kwanta ya kai wani lokaci bayan ɗaukewar damina. Sai kuma ita ƙasar kanta, wadda ruwa ke wanko mata ɓurɓushin dutse da ruɓaɓɓen ganye shekara da shekaru. Sai hange: mutum ɗaya a kan dutse yana ganin ƙurar mahaya tun suna nesa, ya yi kururuwa, masu noma su gudo gida, a kora dabbobi. Doki kuma, wanda shi ne babban makamin wancan zamani, ba ya iya sukuwa a tsakanin duwatsu. Barde in ya zo nan dole ya sauka, in ko ya sauka ya zama daidai da mai baka. A wasu wuraren, kamar Dala, har da tama ake samu, wadda ake narkawa a fitar da ƙarfen fartanya da na mashi. Masana sun tono wata tsohuwar matoyar tama a Dala, suka auna shekarunta, suka ce ta kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Kun ga ke nan tun kafin a san wani sarki a Kano ana ƙira a gindin dutse.

Sunan Fanisau ya fito tun a farkon littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci a zamanin Sarki Muhammadu Bello, wani Bature mai suna Palmer kuma ya fassara shi da Ingilishi cikin 1908. Littafin ya nuna cewa kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999, mutanen wannan ƙasa a warwatse suke, kowace ƙungiya da dutsenta da babbanta. Barbushe yana Dala, shi ne mai kula da tsafin Tsumburbura. Akwai masu zama a Gwauron Dutse, da Magwan, da Jigirya, da Tanagar. Wanda aka ambata a Fanisau kuwa sunansa Gumbarjado. Ashe ke nan Fanisau sa'ar Dala ce, ba ƙanwarta ba. Sai dai Dala ta samu sarki da ganuwa da kasuwa ta zama birni, ita kuwa Fanisau ta zauna ƙauye ɗaruruwan shekaru, ba a cika jin ɗuriyarta ba.

Abin da ya sake fito da ita shi ne rikicin da ya biyo bayan jihadi. A nan kuma, mutanen Kabo, sai ku gyara zama, domin labarin ta ƙofar gidanku ya bi.

Lokacin da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na ƙasar Kano suka raba gari da Sarki Alwali, a yammacin Kano suka taru, a wurin da ake kira Kwazazzabon 'Yar Kwando. Daga nan suka motsa, kuma garuruwan da aka ambata a farkon gwagwarmayar su ne Gammo, da Kabo, da Masanawa, da Godiya, kafin a kai ga Ƙaraye. Duk wanda ya san ƙasar Kabo ya san waɗannan sunaye, yau ma suna nan. Wannan gefe naku dama tun tuni bakin daga ne, saboda shi ne ke fuskantar Katsina. Littafin da muka ambata ya ce Sarki Yusa, wanda ake kira Tsaraki, ya kai wa Ƙaraye yaƙi tun a ƙarni na 12. Sarki Muhammadu Zaki kuwa, wanda ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618, Ƙaraye ya koma da zama don ya tare Katsinawa, a can kuma ya rasu.

To, a babban yaƙin da aka yi a Ɗanyaya, arewa da Kano, inda ƙarfin Alwali ya karye, akwai wani shugaban Fulani mai suna Ɗantunku, wanda da yake tare da Alwali, sa'an nan ya juya ya koma wajen masu jihadi. Wannan juyawa tasa ta taimaka ƙwarai wajen cin nasara. Alwali ya gudu, daga baya aka kashe shi a Burumburum. Malam Sulaimanu ya zama Sarkin Kano na farko a sabon tsari, ya riƙe har 1819. Da ya rasu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Malam Ibrahim Dabo, Basulluɓe. Kada ku rikita shi da Dabon Dambazau, mutum biyu ne daban, sunan ne ya zo ɗaya.

Naɗin Ibrahim Dabo bai yi wa kowa daɗi ba. Garuruwa da yawa suka yi tawaye, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ci, abin da ya sa har yau ake cewa Kano ta Dabo Cigari. Amma wanda ya fi ba shi wahala shi ne Ɗantunku, wanda ya kafa kansa a Dambatta ya ce shi ba ya ƙarƙashin Kano. Mahayansa suka riƙa kawo hari kudu, suna kwashe mutane da dabbobi, suna tare fatake, har kusa da ganuwar birni. Ku duba fa, Dambatta arewa take da Kano, tsakaninsu fili ne shimfiɗaɗɗe, babu wani babban kogi ko daji da zai tsare mahayi. Abin da ke tsakani mai kama da garkuwa shi ne 'yan duwatsun nan na Fanisau.

Nan Dabo ya ga amfaninsu. Sai ya mai da Fanisau ribaɗi. Wannan kalma Larabci ce, ma'anarta garin tsaro a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa tare da iyalansu, suna noma suna gadi. Ba Dabo ya ƙago dabarar ba. Siyasar Sarkin Musulmi Bello ce, wanda shi da kansa ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, ya riƙa zama a can, a can ma aka binne shi da ya rasu cikin 1837. Dabo ya kewaye Fanisau da ganuwa, ya gina gida da masallaci, ya zuba mayaƙa, shi kansa ya riƙa tafiya can yana zama. Sarki in ya tare a bakin daga, hakimi ba shi da bakin cewa zai kwana a birni.

Muna da shaidar wani baƙo da ya ga wannan zamani da idonsa. Wani Bature ɗan ƙasar Sikotilan, Kyaftin Hugh Clapperton, wanda ya riƙa kiran kansa Abdullahi a tafiyarsa, ya ƙetaro hamada daga Tarabulus ya biyo ta Barno. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, ya rasu a hanya kusa da Katagum. Shi kuwa ya shigo Kano ran 20 ga Janairu, 1824. Ya tarar Sarki ba ya gari, yana sansani saboda yaƙin Ɗantunku, dole shi baƙon ya hau doki ya bi shi waje don ya gaishe shi ya miƙa tsarabarsa. A cikin littafin tafiyarsa ya ambaci Fanisau a matsayin wurin da Sarki ke zama, ya kuma faɗi irin fargabar da matafiya ke ciki saboda mutanen Ɗantunku. Shi ne kuma ya ƙiyasta mutanen birnin Kano a lokacin tsakanin 30,000 da 40,000. Daga nan ya wuce Sakkwato wajen Bello. Ya sake dawowa cikin 1826, ajali kuma ya same shi a Sakkwato cikin 1827.

An ɗauki kimanin shekara biyar ana wannan fafatawa. A ƙarshe aka fitar da Ɗantunku daga Dambatta, ya ja da baya zuwa Kazaure. Ku lura da inda ya nufa: shi ma duwatsu ya nema. Sarkin Musulmi ya shiga tsakani, aka bar Kazaure ta zama masarauta mai zaman kanta, ɗansa Dambo ya gaje shi. Dambatta kuwa ta dawo hannun Kano, ita ce ke ƙarƙashin Sarkin Bai. Wato dutse ya tsare Kano daga Ɗantunku, wani dutsen kuma ya tsare Ɗantunku daga Kano.

Yanzu sai mu zo ga ɓangaren da ba a cika faɗa ba in ana kirarin Fanisau, alhali kuwa shi ne rabin tarihinta. Mayaƙa da dawaki ci suke yi. Doki ɗaya na yaƙi yana cin dawar da za ta riƙe mutane da dama, ga harawa, ga mai yi masa ciyawa. Wa zai noma wannan abinci? Bayi. Da ƙura ta lafa, sai ƙasar da ke kewaye da Fanisau ta zama gandayen sarki, aka zuba bayin da aka kamo a yaƙe-yaƙe suna nomawa. Manyan bayin sarki na birni, irin su Shamaki, su ke sa ido a kan irin waɗannan gandaye, a kowane gandu kuma akwai wanda aka ɗora a kan sauran. Attajiran Kano ma, musamman fataken goro masu zuwa Gwanja, sun kafa nasu rinji a kewayen birni, domin inda akwai tsaro nan mai dukiya ke zuba dukiyarsa. Ana noma dawa da gero, da auduga da baba don masaƙa da marina na birni. Tufafin Kano da suka yi suna har Agadas da Tumbutu, wani kaso na audugarsu da shuninsu daga irin waɗannan gonaki ya fito.

Yadda tsarin yake, bawa yakan yi aiki a gandun ubangijinsa tun da safe har wajen azahar, sa'an nan ya wuce 'yar gayaunarsa ya noma abin da zai rufa wa kansa asiri. Wanda ya iya sana'a yana iya yin yarjejeniya a bar shi ya nemi kuɗi da kansa, yana biyan ubangijinsa wani abu a kai a kai. Wannan shi ake kira murgu. In ya tara abin da ya isa, yana iya fansar kansa. 'Ya'yan da aka haifa a cikin bauta su ne cucanawa. Wasu in suna ba da wannan labari sukan tausasa shi, su ce ai bautar ƙasar Hausa mai sauƙi ce, bawa ɗan gida ne. Ni dai ban ga sauƙi ba ga mutumin da aka raba da garinsu da uwarsa da harshensa, aka sa shi noman abin da wani zai ci. Gaskiya ne akwai bayin sarki da suka yi arziki suka yi iko har hakimai na shakkarsu, amma su 'yan kaɗan ne. Mafi yawa fartanya suka riƙe har suka mutu, kuma akwai waɗanda suka yi ta gudu.

Dalilin da ya sa aka san wannan dalla-dalla game da Fanisau, ba kamar sauran garuruwa ba, shi ne cikin 1975 wani ɗalibi mai bincike, Yusufu Yunusa, ya bi dattawan wannan yanki da rikoda yana ɗaukar maganarsu a kaset. Cikinsu akwai waɗanda iyayensu suka yi bauta, akwai waɗanda iyayensu suka mallaki bayi. Daga baya wani masanin tarihi, Mohammed Bashir Salau, ya yi amfani da waɗannan kaset-kaset da wasu takardu ya rubuta littafi sukutum a kan gandayen Fanisau, aka buga cikin 2011. Dattawan nan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma muryarsu tana nan. Sau da yawa nakan yi tunanin Getso da Godiya, tsofaffin garuruwa masu tarihi, ko wa ya zauna da nasu dattawan ya ɗauka? Yau ba a bukatar rikoda, wayar da ke aljihun ɗanka ta isa. Malaman makarantun firamare na waɗannan garuruwa, wannan aiki ne da ɗan aji shida zai iya yi da kakansa a hutu ɗaya.

Turawa suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Daga nan aikin ribaɗi ya ƙare, domin babu sauran wani Ɗantunku ko Maraɗawa ko Damagarawa da za su kawo hari, wanda kuma ya zo da igwa ganuwa ba ta tsare shi. Bautar ma ba rana ɗaya ta mutu ba. Gwamna Lugga ya hana kamu da cinikin bayi, ya kuma yi doka cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901 ɗa ne. Amma waɗanda ke hannu an bar su a hannu, sai wanda ya fanshi kansa ko ya gudu. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai cikin 1936. A tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Gonakin da da ake noma wa dawakin sarki dawa, sai ga su suna fitar da gyaɗar da ake jibgewa dala-dala a Kano ana kaiwa Ikko. Jikokin bayi da jikokin mayaƙa suka zama manoman gyaɗa tare, suna biyan haraji ɗaya.

To, malam na Garo, ga amsar tambayarka. Abin da aka ajiye a Fanisau shi ne gidan Dabo. Sarakunan Kano tun daga 1819 zuriyarsa ne, kuma ba su yar da gidan kakansu ba. Bisa al'ada, bayan Hawan Sallah, da Hawan Daushe, da Hawan Nasarawa, sai a rufe da hawa na fita bayan gari. Da Ƙaramar Sallah a tafi Ɗorayi, wadda ku mutanen yamma kuke wucewa ta kusa da ita in za ku shiga birni, da Babbar Sallah kuma a tafi Fanisau. Duka biyun gidajen sarki ne na bayan gari masu gandaye. Sarki yakan fita da safe da hakimai da dogarai, da 'yan lifidi da 'yan sulke da 'yan bindiga, ana busa kakaki da algaita. Ya sauka a gidan, ya wuni, jama'ar yankin su zo gaisuwa, da yamma a ɗunguma a komo birni. In ka cire ado da kwalliya, abin da kake gani fitar sarki zuwa sansani ne, kamar yadda Dabo ya riƙa yi. Lifidin nan da yara ke sha'awa, rigar kare kibiya ce ta doki da mahayinsa. Cikin Disamba 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Sai dai kada ka ɗauki kuɗin mota ka taho don kallon hawa ba ka tambaya ba. Cikin 2020 annobar korona ta hana, da Babbar Sallar 2024 kuma 'yan sanda suka hana saboda rikicin sarautar Kano. Saboda haka a saurari sanarwa a rediyo tukuna.

Ni a ganina ma, wanda yake son ya ga garin kansa, ba taron mutane ba, gara ya je ranar da ba hawa. Daga Gwarzo zuwa Kano wajen kilomita 70 ne. Ka biyo ta Garo da Rimin Gado, ka wuce sabuwar Jami'ar Bayero, ka sauka Kabuga. Daga nan sai ka nemi abin hawa zuwa wajen filin jirgin sama, ka tambayi hanyar Jaba da Fanisau. A wannan yanki ne kuma gwamnatin tarayya ta kafa filin ciniki da masana'antu marar haraji na Kano, 'yan kasuwa sai ku lura.

In ka isa, fara da gaisuwa. Ka nemi mai gari ko wani dattijo ka faɗi abin da ya kawo ka, kada ka kama hawan dutsen mutane kamar ɗan akuya. Gidan sarki kuma gidan sarki ne, akwai masu kula da shi, ba a shiga sai da izini. In an ba ka dama, duk inda ka ga tsohon gini ka duba kaurin bango, ka ɗaga kai ka ga yadda magina suka jera azara, domin irin wannan aiki masu iya shi suna ƙarewa. Bayan nan sai ka nemi wanda zai raka ka kan dutse. Can ne za ka fahimci duk abin da muka faɗa. Ka juya kudu maso yamma, wajen birni, sa'an nan ka juya arewa, wajen Dambatta, ka ga yadda ƙasa ta kwanta ba tudu ba kwari. Ka tambayi kanka, in kai ne Dabo, ina za ka ajiye masu gadi? Ga kuma jirage suna tashi suna sauka a gefenka, a filin da ya soma aiki tun 1936.

Game da ganuwa, ko a Fanisau ko a wani tsohon gari, ido sai an koya masa. Ganuwar ƙasa in ta rushe ba ta ɓacewa ɗungum. Takan bar wani dogon tudu mai lanƙwasa, a bayansa kuma da ɗan kwari inda gwalalo yake a da, wanda ruwa kan kwanta a ciki da damina. Inda hanya ta ratsa tudun nan, sau da yawa nan ƙofa take. Kukoki da yawa a wuri guda alamar tsohon mazauni ce, domin kuka ba ta cika taruwa haka kawai a daji ba. Haka nan in kana huɗa kana tono tsingaro da yawa, ko kashin maƙera, ko ka tarar da ramukan marina sun cike da ƙasa, to kufai kake nomawa. Na tabbata a cikin masu karanta wannan shafi a ƙasar Gwarzo da Kabo akwai waɗanda gonarsu ke kan irin wannan wuri. Abin da ke cinye su a yau ba damina kaɗai ba ce. Masu ɗibar ƙasa don yin bulo suna yanka tudun ganuwa, masu fasa dutse suna farfasa duwatsu suna sayarwa tifa-tifa, masu awon filaye kuma suna bi. Ganuwar birnin Kano kanta, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, kowa ya ga yadda aka yi mata. Ban ce kada mutum ya nemi abincinsa ba. Amma tudun da aka kwashe a mako ɗaya, mutane ɗaruruwa ne suka tara shi da kwando a ka.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan ziyara shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa farkon Disamba, an cire amfanin gona ƙasa ta buɗe, hazo kuma bai yi kauri ba tukuna. In hunturu ya kankama, ko ka hau dutsen ba za ka hangi komai ba sai fari. Ka je da sassafe kafin dutse ya ɗau zafi, ka sa takalmi mai kama ƙasa, ban da silifa, ka riƙe ruwan sha, ka kuma riƙe ɗan goron da za ka ba wanda ya raka ka.